Ma'adana da agogo: me ke sa na'urar sola ta yi mantuwa ko ta ɓata lokaci?

A watannin ƙarshe na 2024 masu mitar wuta ta kati a Kano, Jigawa da Katsina sun sha jin sanarwar cewa kowa ya shigar da wasu lambobi biyu, kowacce mai alƙaluma 20, kafin 24 ga Nuwamba, in ba haka ba mitarsa za ta daina karɓar sabon kati. Ba kaɗan ba ne suka ɗauka wata dabarar ƙarin kuɗin wuta ce. Alhali lamarin bai tsaya kan KEDCO, kamfanin rarraba wutar yankin, ko Najeriya ba, ya shafi duk ƙasar da ke amfani da tsarin kati na STS, har Afirka ta Kudu inda aka ƙirƙiro shi.

Kowane kati yana ɗauke da lambar mintin da aka sayar da shi, ana ƙirgawa daga 1 ga Janairu 1993, kuma da wannan lamba mita ke gane katin da aka riga aka sa. Gurbin da aka ware wa lambar bit 24 ne. Bit shi ne gurbi ɗaya da ke ɗaukar 0 ko 1, takwas ɗinsa ake kira bayit. Bit 24 ba sa ɗaukar ƙirgan da ya wuce minti 16,777,216, kusan shekara 32 ke nan. Da gurbin ya cika ƙirga zai koma sifili, mita ta ga sabon kati kamar tsoho ta ƙi shi. Lambobin nan biyu sun mayar da mafarin ƙirga zuwa 2014.

Wurin ajiya da ƙirgan lokaci su ne kuma ke ƙarƙashin ƙorafe-ƙorafen da ake ji a karkara tun da na'urorin sola suka yawaita: na'urar kunna fanfon ban-ruwa da aka saita ƙarfe shida ta koma tashi shida da rabi, injin ƙyanƙyasar ƙwai da ke manta kwana nawa ƙwai ya yi da zarar wuta ta ɗauke, ma'aunin ruwan tanki da aka ce batirinsa zai shekara ya mutu cikin mako uku. Galibi batir ake zargi, ko a ce kayan jabu ne. Wani lokacin haka ne. Sau da yawa kuwa laifin yana cikin yadda aka tsara 'yar ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da na'urar.

Kwamfuta a ƙwaya ɗaya

Wannan 'yar ƙwaƙwalwar ita ake kira maikurokwanturola, cikakkiyar kwamfuta ce da aka dunƙule a aisi guda, wato ƙwayar lantarki ɗaya da ake liƙawa a allo: sashen lissafi, ma'adana, agogo, da ƙafafun da take karanta ma'auni ko kunna inji da su. Manhaja ɗaya ake ɗura mata, ita za ta yi ta maimaitawa har ta mutu. Wayar hannu mai araha tana da RAM, wato ma'adanar da ake aiki a kanta, gigabayit 2. ATmega328P da ke kan allon Arduino Uno, wanda ɗaliban fasaha suka fi fara koyo da shi, a Wudil ne ko a Kazaure, kilobayit 2 gare ta, wato kashi ɗaya cikin miliyan na ta wayar. Da gangan aka yi haka. RAM tana cin fili a jikin aisi, tana ƙara masa kuɗi, kuma tana zuƙar wuta ko ba a aiki da ita.

Iyalai huɗu aka fi gani. ATmega ta kamfanin Atmel ce, wanda Microchip ya saye a 2016. STM32 ta STMicroelectronics ce. ESP32 mai Wi-Fi da Bluetooth, Espressif na birnin Shanghai ya fitar da ita a 2016. Sai MSP430 ta Texas Instruments, wadda ta yi suna wajen tsimin wuta.

Ma'adana uku, kowacce da halinta

Filash rumbu ne: abin da aka zuba yana nan ko an yi shekaru babu wuta, amma ba a buɗe shi kullum. RAM kuwa tabarmar shanya ce a tsakar gida, a kanta ake aikin yau, wuta na ɗaukewa an naɗe ta da duk abin da ke kai. A filash manhaja take zaune, ATmega328P tana da kilobayit 32. Ta uku ita ce EEPROM, kilobayit 1 kacal, an yi ta don ƙananan abubuwan da ake so a tuna bayan wuta ta dawo, kamar saitin zafi, lokacin kunna fanfo ko adadin kwanakin ƙwai. Injin ƙyanƙyasar da ke mantuwa, a RAM ya bar ƙirgan kwanakinsa.

Kowane gurbi yana da lambar adireshi, kuma an raba adireshin unguwa-unguwa. A STM32 filash yana da unguwarsa, RAM tana da tata, maɓallan sarrafa sassa kamar ma'auni da layin saƙo, wanda aisi ke magana da wata na'ura ta kansa, su ma suna da tasu. Wuta na zuwa, aisin yana karanta lambobi biyu na farkon manhajar, ɗaya ta nuna masa saman RAM, ɗayar ta nuna umarnin farko. In aka ɗura manhaja a adireshin da ba nata ba, allon zai kawo wuta amma ba zai motsa ba, mai gyara ya yanke cewa aisin ya ƙone.

ATmega ta raba hanyar manhaja da ta bayanai, kowacce da nata adireshin. Wannan ya haifar da wani tarko da masu koyo ke yawan faɗawa: duk rubutun da manhaja za ta nuna a gilashi, kamar "Tanki ya cika", ana kwafo shi daga filash zuwa RAM tun daga tashi, sai in marubucin ya ce a bar shi a inda yake. Saƙonni ashirin masu ɗan tsawo sun isa su ci kwatan RAM.

Cikin RAM ɗin ma akwai tsari. Daga ƙasa ana jera bayanan da girmansu ba ya canzawa. A kansu akwai filin da manhaja ke aro tana mayarwa yayin aiki, yana faɗaɗa zuwa sama. Daga can sama kuma tarin bayanan wucin gadi yana saukowa, a nan aisin ke rubuta inda zai koma bayan ya gama kowane ɗan aiki. A ATmega babu shinge tsakanin biyun. Ranar da suka haɗu ɗaya zai rubuta a kan ɗaya, na'ura ta sandare ko ta sake tashi da kanta, ba tare da wata alama ba. Lissafin ba shi da wuya. Ƙaramin gilashi mai ɗigo 128 sau 64 yana ɗaukar bayit 1,024. Katin memori yana buƙatar 512. Layin saƙo yana riƙe 128. Daga 2,048 abin da ya rage bai kai 400 ba, kuma ba a fara rubuta aikin fanfon ba tukuna. Irin wannan na'ura takan yi lafiya a gwajin minti talatin a shago, ta fara rikici bayan kwanaki a gona.

Rubutu yana cinye ma'adana

Filash da EEPROM suna gajiya. Takardar ATmega328P ta ba da tabbacin gogewa da sake rubutu sau 10,000 a filash, sau 100,000 a kowane gurbi na EEPROM. Dubu ɗari kamar da yawa, amma a duba na'urar da ke rubuta adadin ruwan da fanfo ya ja kowane minti a gurbi ɗaya. Minti 100,000 kwana 69 ne, bai kai tsawon noman tumatir guda a Kadawa ba. In sau ɗaya a awa take rubutawa, tabbacin ya haura shekara 11. A zahiri gurbi kan wuce adadin da aka tabbatar kafin ya lalace, sai dai wanda ya gina na'ura a kan wannan rarar caca ya yi da kuɗin manomi.

Maganin sananne ne: a rubuta sai abu ya canza, kuma a riƙa zagaya gurabe maimakon a dami ɗaya. STM32F103, aisin allon nan mai araha da ake kira Blue Pill, ba ta da EEPROM ko kaɗan, a filash ake kwaikwayonta, kuma filash ba ya goguwa sai shafi guda. Wasu MSP430 suna da FRAM, wadda ke riƙe bayani babu wuta kuma take jure rubutun da a aikace ba a ƙure shi, amma ba ta cika samuwa a kasuwanninmu ba.

Akwai haɗari na biyu da ya fi shafar na'urar sola. Rubuta bayit ɗaya a EEPROM yana ɗaukar kusan milisakan 3. In ƙarfin batir ya faɗi ana cikin rubutun, abin da zai zauna a gurbin shirme ne. Faɗuwar takan zo da asuba lokacin da batir ya yi ƙasa, ko lokacin da sashen layin waya irin SIM800L ya fizgi wutar da kan kai amfiya 2 don tura saƙo. ATmega328P tana da mai gadi da ke tsayar da komai in ƙarfi ya sauka ƙasa da bolt 1.8, 2.7 ko 4.3, gwargwadon wanda aka zaɓa. Wasu masu haɗa na'ura suna kashe shi don tsimin wuta kaɗan, daga baya saitin fanfo ya riƙa rikicewa ba a san dalili ba.

Agogo biyu a ciki ɗaya

Agogo a nan abu biyu yake nufi. Na farko shi ne bugun aiki: duk bugu ɗaya aisin ya yi taku ɗaya na lissafi. Uno tana bugu miliyan 16 a sakan, wato megahaz 16. Na biyu shi ne mai riƙe awa da kwanan wata, wanda dole ya ci gaba ko sauran sassa sun yi barci.

Bugun yana da tushe iri-iri, kuma bambancinsu yana da girma. Mafi araha shi ne na cikin aisi, wanda aka gina da rizisto da kafasita. Ba ya buƙatar ƙarin kaya, yana tashi nan take, amma zafi da ƙarfin batir suna juya shi. Na ATmega328P mai megahaz 8 yana fitowa daga masana'anta da yiwuwar kuskure har kashi 10 cikin ɗari, in aka daidaita shi ya sauko kashi 1. Kashi 1 ɗin ma minti 14 ne a rana. Sai na tangaran da ke kan Uno, mai kuskuren kusan rabin kashi ɗaya, wanda zai iya kai minti 7 a rana. Sai kiristal, wanda ake auna kuskurensa da kashi cikin miliyan. Na agogo yana bugu 32,768 a sakan, lambar da in aka raba ta biyu sau 15 take ba da sakan ɗaya cif. Mai kuskuren kashi 20 cikin miliyan ba ya ɓata sakan 2 a rana.

Manyan aisi suna ninka bugu a ciki. Blue Pill tana ɗaukar kiristal mai megahaz 8 ta ninka shi tara ya zama 72. A wannan gudun filash ba ya iya biye wa sashen lissafi, sai a sa shi jiran bugu biyu kafin karatu, a nan ne ma'adana da agogo suke cin karo. Gudu kuma yana da alaƙa da ƙarfin batir. ATmega328P tana yin megahaz 4 a bolt 1.8, 10 a bolt 2.7, 20 a bolt 4.5. Wanda ya haɗa ta da batirin litiyom ɗaya ya bar ta a megahaz 16, da batirin ya fara sauka ta fita daga iyakar da kamfani ya tabbatar. Shi ya sa allon Pro Mini mai bolt 3.3 yake tsayawa a megahaz 8.

Arduino ma tana da irin gurbin da ya cika a mita. Ƙirganta na milisakan yana zaune a bit 32, yana komawa sifili bayan kwana 49 da awa 17. Ƙyanƙyasar ƙwan kaza kwana 21 ce, ba za ta kai wurin ba in ana kashe injin tsakanin zubi. Na'urar ban-ruwan alkama da aka kunna a Nuwamba aka bari har Maris kuwa za ta ratsa wurin sau biyu, kuma in marubucin manhajar bai yi lissafin tazara daidai ba, fanfo zai ƙi tashi ko ya ƙi tsayawa a ranar.

Zafin Afrilu da sanyin hunturu

An yanka kiristal ɗin agogo ne don ya yi daidai a digiri 25. Ko sama aka yi ko ƙasa, baya yake ja, kuma jan yana ƙaruwa da ninkin tazarar a kanta. A digiri 45 yana rasa kusan kashi 14 cikin miliyan, sakan ɗaya da ɗoriya a rana. A digiri 60, zafin da akwatin ƙarfe a rufe ke iya kaiwa a tsakiyar ranar Afrilu a Haɗeja ko Maigatari, asarar ta haura kashi 40, fiye da sakan 3 a rana in zafin ya ɗore. Ga fanfo wannan ba komai ba ne. Darasin lissafin shi ne zafi kaɗai ba ya sa kiristal ya ɓata rabin awa a mako. Na'urar da ta yi haka, da bugun cikin aisi take ƙirga lokaci.

Mai son daidaito sosai yana ƙara aisin agogo irin DS3231, wanda ke auna zafin jikinsa yana gyara bugunsa. Tsakanin digiri 0 da 40 kuskurensa kashi 2 ne cikin miliyan, kusan minti ɗaya a shekara, kuma ƙaramin batir CR2032 ke riƙe shi in babban ya mutu.

Barci shi ne tsimin

Wutar da aisi ke ci tana ƙaruwa da yawan bugu, tana kuma ƙaruwa da ninkin ƙarfin bolt a kansa. Amma babban tsimi daga barci yake zuwa. ATmega328P a barci mai zurfi ba ta cin ko maikuro'amfiya ɗaya, ESP32 kusan 10. A ɗauki ma'aunin danshin ƙasa da ke farkawa sakan 2 duk minti 15, yana cin miliamfiya 10 a farke, maikuro'amfiya 5 a barci. Matsakaicin cinsa maikuro'amfiya 27 ne, batirin litiyom 18650 mai miliamfiya-awa 2,500 zai kai shekara goma a takarda, a aikace tsufan batirin ne zai riga ƙarar da shi. In kuwa an bar fitilar allo da mai daidaita wuta suna cin miliamfiya 5 dare da rana, batirin nan kwana 21 zai yi. Allon Uno yadda yake, da duk kayansa, yana cin kusan miliamfiya 50, kwana biyu ke nan. Allo ne na koyo, ba a yi shi don a rataye a gona ba.

Barci yana da farashi. ESP32 a barci mai zurfi tana kashe babbar RAM ɗinta mai kilobayit 520, sai wani ɗan yanki na kilobayit 8 take riƙewa, in ta farka kuma daga farko take tashi. Abin da ba a ajiye a wannan yanki ba ya tafi.

Inda masana suka rabu

Saɓani na farko a kan gudu ne. Wasu suna ganin a rage bugu zuwa megahaz 1 ko ƙasa, a sauke bolt, na'ura ta yi aikinta a hankali. Wasu suna ganin a yi aikin da gudu a koma barci, tunda akwai wutar da ke zurarewa muddin aisin yana farke. Kowa yana da gaskiya a muhallinsa. In lissafi ne mai nauyi, gudu ya fi. In aikin jiran ma'auni ne ko jiran amsar layin waya, gudu ɓarna ce, domin jiran ba ya gajarcewa.

Na biyu a kan kiristal ne. Masu barin sa suna cewa ƙarin kuɗi ne, yana jinkirin tashi, na agogo ma har sakan guda yakan ɗauka, kuma ƙura da danshi a ƙafafunsa suna iya tsayar da shi. Masu sa shi suna nuna cewa layin saƙo tsakanin aisi biyu yana fara kawo shirme in bugunsu ya bambanta da 'yan kaso kaɗan cikin ɗari, kuma sashen rediyo irin na Wi-Fi ba ya yi sai da shi. Akwai ra'ayi na uku: a yi amfani da bugu mai araha a riƙa gyara lokaci daga layin waya ko GPS. Yana aiki inda sabis yake da ƙarfi. A ƙauyen da sai an hau tudu ake samun layi, neman sabis ɗin ne zai cinye batirin.

Na uku ya fi shafar aljihu. Kusan kowace maikurokwanturola tana da makullin da ke hana karanta filash. Kamfanonin sola na biya-kaɗan-kaɗan suna kulle shi, hujjarsu ita ce in an buɗe kowa zai kwafi manhajar ko ya cire ƙirgan kwanaki, bashin ya bi ruwa, tsarin da ke ba talaka sola ba tare da kuɗi a dunƙule ba ya rushe. Masu gyara kuma suna cewa makullin yana mayar da allo mai ƙaramar matsala shara, domin sabon aisi daga kasuwa fanko yake zuwa, ba zai yi komai ba sai da manhajar da ba su da ita. Hujjar kamfani tana da ƙarfi a kan kayan bashi. A kan na'urar da aka saya aka biya duka, kamar ta fanfon rijiyar burtsatse ta gari, ƙarfinta ya ragu sosai.

Abin da ya shafi mai saye

Mai solar bashi da ke ganin kwanakinsa suna ƙarewa da wuri, kuskuren kiristal na 'yan sakanni ba zai bayyana asarar yini guda ba. Abin dubawa shi ne ko batirin ya taɓa mutuwa ƙurmus har ƙirga ya rikice, da kuma sharaɗin da ke cewa kwana yana tafiya ko an kunna fitila ko ba a kunna ba.

A ɗakin shan magani na ƙauye, 'yar na'urar da ke cikin firjin rigakafi tana ajiye tarihin zafi na kwana 30, tana kuma nuna gargaɗi in zafi ya wuce digiri 8 na tsawon awa 10, ko sanyi ya sauka ƙasa da rabin digiri ƙarƙashin sifili na tsawon awa ɗaya. Batirinta a rufe yake, ba a canzawa, yana yin shekaru ne saboda yawancin rayuwarta barci take. In wa'adinta ya cika sabuwa ake nema.

Manomin Kura, Bunkure ko Auyo da zai sayi na'urar kunna fanfo ko injin ƙyanƙyasa yana iya yin gwaji biyu ba tare da sanin komai na lantarki ba. Ya saita ta, ya cire batir gaba ɗaya na minti biyar, ya mayar, ya ga ko saiti da lokaci suna nan. Sannan ya daidaita agogonta da na waya ya duba bayan mako guda. Tazarar 'yan sakanni alamar kiristal ce, ta mintuna kuwa za ta ci gaba da ƙaruwa har ban-ruwan safe ya koma na hantsi. In akwai mai gyara a kusa, ya sa mita ya auna abin da take ci lokacin da ba ta aikin komai. Akwatin kuma a sa shi a inuwar faifan sola, zafi yana gajarta ran batir fiye da yadda yake taɓa agogo.

Ƙungiyar manoma ko kwamitin ruwa na gari da ke ba wani matashi kwangilar haɗa irin wannan na'ura, su sa a rubuce cewa zai miƙa kwafin manhajar, sunan aisin da saitin agogonsa tare da kayan. Da waɗannan uku mai gyara a Ringim ko Gaya zai iya ɗura sabon aisi ya tayar da fanfon a yini ɗaya, ko da wanda ya haɗa shi ya koma Abuja.